Ranar da Na Shanya Batirin Babur

Allah ya yafe mini, ni na kashe batirin babur ɗin yayana. Malamin gona ne a Tambuwal zamanin Turawa. Da zai tafi kwas Sakkwato, ya ce in riƙa tayar da babur ɗin ina ɗan zagayawa, kada zama ya kashe batir.

Ni kuwa na ga ɓarnar mai ce. Ai batirin tocila in ya yi sanyi, rana ake sa shi ya farfaɗo. Sai na ciro na babur, kullum in shanya shi a kan soro, har ina yi wa maƙwabta bayani.

Ya dawo, washegari Di'o, Baturen mulki, na jiransa a Kebbe. Ya yi ta buga babur har ya jiƙe da gumi, shiru.

Ya ce, "Mi kay yi mishi?"

Na ce, "Rana nib ba shi, Yaya, ba fashi."

Bai zage ni ba. Jaki ya ara, ko da ya isa, Di'o ya riga ya wuce.

Har yau in mata na shanya barkono suka hango ni, sai su ce, "Malam, mun rage ma wuri, kawo batir."