Sayen Karen Jamus Ba Tare da Ganin Uwarsa Ba

Wannan jagora ce ga duk mai son mallakar karen Jamus, dogon nan mai miƙaƙƙun kunnuwa da kake gani a bayan motar jami'an tsaro. Bi matakan nan bakwai yadda na jera su, ni Uzairu dillali na ba ka tabbacin kafin kasuwar Batsari ta sake ci, kare na ɗaure a ƙofar gidanka, maƙwabta na leƙe ta kan danga. Shekarata goma sha tara ina haɗa mai saye da mai sayarwa, daga bijimi har tsohon babur, kuma mutum ɗaya tak ya taɓa suɓuce mini. Sunansa Salmanu, daga wata ruga a gefen Tsaskiya. Da shi zan riƙa buga maka misali, don ka san abin da ba a yi.

Mataki na ɗaya: Samu dalili, sannan ka yi sauri

Salmanu yana da dalili mai kyau. Shekara biyu da suka wuce ɓarayin daji suka kore garken gidansu, suka bar musu shanu shida da turaku da yawa. Tun daga nan ko kaza ta yi motsi sai ya miƙe tsaye. Rannan ya ga wani kare a waya ya kayar da ƙato guda, ya ce shi ke nan, maganin damuwarsa ya samu.

Ya tafi wurin Malam Maude mai karantarwa a Tsaskiya ya tambayi hukunci. Malam ya ce ajiye kare don gadin dabbobi ya halatta, amma wanda ya ajiye shi za a tambaye shi ci da sha da inuwar wannan dabba ranar gobe. Kai rabin farko na fatawar kake buƙata. Da ka ji shi ka yi godiya, ka nemi takalmanka.

Mataki na biyu: Nemi wanda kare ba ya yanke masa

Gwanin mai kiwon karnuka shi ne wanda duk ranar da ka kira shi akwai kwikwiyo a ƙasa. Namu sunansa Kamalu, yana can bayan gari a birni, kusa da wani gidan buga bulo. Baƙi kake so, akwai. Mai ruwan ƙasa, akwai. Da rani akwai, da damina akwai, ranar Sallah ma akwai. Ba ya tambayar sunanka, ba ya tambayar inda za ka kai dabbar. Wannan shi ake kira mutunta sirrin mai saye.

Zai turo maka hoton uban kwikwiyon. Idan ka ga dusar ƙanƙara a bayan karen, kada ka tsaya bincike. Salmanu ya tambaya, Kamalu ya ce a Jos aka ɗauka. Katin rigakafi kuwa a cike zai zo maka, allura uku da biro ɗaya, ga kwikwiyo ɗan sati biyar. Wani likitan sai ya ɓata wata uku kafin ya cika irin wannan katin.

Mataki na uku: Guji mai yawan tambaya

A cikin garin Safana akwai wani dattijo, Malam Sharfaddeen, tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi. Karyarsa ɗaya, sau ɗaya take haihuwa a shekara, wata shekarar ma ya ce hutu take. Salmanu ya fara zuwa wurinsa kafin Allah ya haɗa shi da ni, ya kuma sha wahala.

Mutumin ya zaunar da shi a tabarma, ya kira uwar karnukan ta zo ta shinshina shi. Ya sa ta yi tafiya a gabansa don ya ga ƙugunta lafiya lau. Ya nuna masa uban a gidan wani abokinsa. Sannan ya shiga tambaya. Akwai inuwa a rugar? Me karen zai ci ranar da babu tuwo? Wa zai kula da shi in an tafi kiwo? Akwai ƙananan yara? Salmanu ya ce ko ranar da ya je neman aure ba a tankaɗe shi haka ba. Daga ƙarshe dattijon ya ce ba ya raba ɗa da uwa sai ya cika wata biyu, haihuwa ta gaba kuma sai bayan kaka, ya je ya kafa rumfa tukuna. Ya ƙara da cewa duk ranar da karen ya gagare shi, ya dawo masa da abinsa.

Ka ji fa. Mutumin da ke shirin karɓar kayansa tun bai sayar ba, ai bai yarda da kayan ba.

Mataki na huɗu: Kada tarihi ya riƙe maka hannu

Karen Jamus ba a sayensa da kuɗin akuya. Salmanu abu ɗaya gare shi da zai isa, wata karsana mai farin goshi da ake kira Wule. Tasa ce halak malak, mahaifiyarsa Inna Asta ta ba shi ita tun tana maraƙa. Sai dai Wule ita kaɗai ta rage daga zuriyar saniyar da Inna Asta ta zo da ita gidan aure. Tsohuwar takan zauna ta jero uwayen karsanar nan har bakwai, da sunan kowace, da halinta, da wadda ke harbi in ana tatsa, da wadda ta taɓa bin ta har bakin rijiya. Sauran duk suna cikin waɗanda aka kora daji.

Na riga na samo wa Wule mai saye, mahauci ne daga birni, an tsayar ranar kasuwa za a ɗora ta a mota. Salmanu ya kwana biyu yana kewaya ta yana shafa mata wuya, abin yana cin ransa ƙwarai. Na gaya masa gaskiya: saniya ba ta haushi.

Mataki na biyar: Kada tsohuwarka ta ji. In ta ji, kada ta biyo ka

Nan Salmanu ya rushe. Ya kasa fitar da karsanar a ɓoye, ya je ya durƙusa ya faɗa mata komai.

Ba ta yi faɗa ba. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta dubi gefe kamar da turke take magana, ta ce dabbarsa ce, ya yi yadda ya so. Abu ɗaya ta nema. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an karɓi maraƙi ba a ga uwarsa ba, don a jikin uwa ake ganin nono, a ga ƙashi, a ga hali, a kuma ga irin hannun da ya riƙe ta. Salmanu ya ce Inna wannan kare ne, na Turawa ma. Ta ce to Turawan daga ƙwai suke fitar da su?

Na yi bakin ƙoƙarina. Na ce hanya ba kyau, ta ce ta san hanyar tun ba a yi ta ba. Na ce gidan karnuka ne, ba wurin dattijuwa mai tazbaha ba. Ta ce kallo za ta yi, ba runguma ba. Ana gobe kasuwa sai ga ta a bayan babur ɗin Salmanu a inda za mu hau motar birni, da ɗan kwanon man shanu a cinya, wai ba a zuwa ganin dabbar mutane hannu rabbana.

Mataki na shida: A tasha ake karɓa

Ƙa'idar Kamalu mai sauƙi ce. Ku haɗu a tasha, ya miƙo kwali mai huji, ka leƙa, ka ga kunnuwa a tsaye, kowa ya kama gabansa. In ka ga ɗan filasta a bayan kunnen, na ado ne.

Inna Asta ko kallon kwalin ba ta yi ba. Bayan doguwar gaisuwa, har da tambayar iyayensa, ta ce, "Ɗan nan, ina uwarshi?"

Kamalu ya ce tana hutawa. Ta ce za ta jira ta tashi. Ya ce gidan da nisa. Ta ce ba ta kai nisan Tsaskiya ba. Ta samu benci ta zauna, ta ɗora kwanonta a cinya. Kamalu ya dube ni, na dubi Salmanu, Salmanu ya dubi ƙasa. Da Kamalu ya tuna akwai karsana a cikin maganar, sai ya tare mana a-daidaita.

Ba zan ɓata maka lokaci da bayanin gidan ba. Keji ne na ƙarfe a jere ƙarƙashin kwano, wasu a kan wasu, don tattalin wuri. Wari kuwa ko'ina akwai wari. Uwar tana kejin ƙarshe, wanda tsawonsa bai kai ta miƙe ba. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin ƙofa, nonuwanta sun saki har ƙasa, gashin bayanta ya zube. Ba ta yi haushi ba, ba ta ko ɗaga kai ba.

Tsohuwar ta daɗe a tsugune tana kallonta. Ta tambayi haihuwarta nawa. Kamalu ya ce shida cikin shekara uku, yana faɗa yana alfahari. Ta tambayi ina 'ya'yan. Ya ce duk an sayar, wannan na kwali shi ne auta, don ta gama aiki, ranar Asabar wani zai zo ya kwashe ta da sauran tsofaffin.

Inna Asta ta juya wajen da ɗanta yake, ba ta dube shi ba.

"Ita ma an kore mata garke," ta ce.

Salmanu ya fita waje. Na bi shi don in ceto cinikin, na tarar ya jingina da bulo yana share ido da hannun riga. Ya ce in kira mahauci in ce a fasa.

Mataki na bakwai: Ka dawo da abin da ka je saye

Sun je sayen kwikwiyo ɗan sati biyar mai kati, sun dawo da tsohuwar karya mai ƙazuwa. Kamalu ya ba da ita a kan kwanon man shanu, yana murna an rage masa aikin Asabar. Salmanu ne ya naɗe ta a buhu ya ɗauka, don ba ta san yadda ake tafiya mai nisa ba. Direbobi uku suka ƙi ɗaukarmu.

Malam Sharfaddeen ya yi mata allurai, ya rufe hanyar haihuwar, ya kuma sa Salmanu ya kafa rumfar nan dai. Satinta uku a ƙarƙashin rumbu tana tsoron fili, tana tsoron awaki, har zakara ya taɓa korarta. Inna Asta ba ta taɓa ta da hannu ko sau ɗaya ba, amma kullum da safe akwai tsala da dawo a wani kasko da ta ware mata. Kwikwiyon kuwa na samar masa gida a Yasore cikin kwana biyu. Ya kwana tara yana zawo ya mutu. Irin na waje ne, ruwanmu bai karɓe shi ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin zawo, ƙazuwa, faɗuwar kunne bayan cire filasta, ko duk wani abin da ya samu kare bayan an bar tasha. Haka kuma ba ruwansa da abin da zai biyo baya in ka tafi da tsohuwarka.

Don cika aiki, bayan wata biyar na koma rugar in ji ko Salmanu ya dawo hayyacinsa, don Kamalu ya samu sabbin kaya. Wule ta haihu, maraƙa mai farin goshi, ta tara a jerin Inna Asta. Karyar na kwance tsakanin maraƙar da ƙofar shinge, ta yi ƙiba, gashi ya fito. Salmanu ya riga ya gaya mini tun da aka kawo ta ba wanda ya taɓa jin muryarta, har suna zaton bebiya ce.

Ina sa ƙafa ta miƙe. Ban san akwai irin wannan murya a cikin dabba ba. Takalmina ɗaya yana can har yau.

Ina kan katangar rumbu na ji Inna Asta daga bakin bukka, ko dakan da take yi ba ta tsayar ba, tana cewa, "A bar ta. Ta gane shi."