Ragona da Dusar Idu

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Na sha farawa ina gogewa. Amma Babbar Sallah na matsowa, barci kuma ya ƙaurace mini.

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na bi maƙwabcina Bulus wurin aikinsa ba. Ni mai sayar da kayan miya ne a Nyanya, kuma bana ne karon farko a rayuwata da Allah ya hore mini ragon layya. Na saye shi yana ƙarami, ina kiwonsa a bayan ɗaki. Dusa ta yi tsada, rago ya fara ramewa. Bulus ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, wannan ragon naka azumi yake yi? Mu a wurin aikinmu zubar da dusa muke."

Na san wurin aikin nasa, wani ƙaramin kamfani ne a Idu inda suke dafa giya da kansu. Na ce a'a. Na koma na dubi haƙarƙarin ragona, na ce to.

Na zaci zan tarar da mashaya kwance a ƙasa. Sai na ga manyan tukwanen ƙarfe suna ƙyalli, wuri tsaf kamar asibiti. Ashe al'adarsu ce duk baƙon da ya shigo a kawo masa wani katako da ƙananan kofunan giya jere a kai, ya ɗanɗana: wata ruwan ɗorawa, wata ja, wata baƙa wuluk. Madam mai wurin ta miƙo mini da fara'a. Na mai da hannuwana baya, na riƙe numfashi (har yau ban sani ba ko shaƙar ma laifi ce).

"Madam, ƙyale shi," in ji Bulus. "Wannan ko man shafawa zai saya sai ya tambaya ko da giya a ciki."

Na ja shi gefe na tambaye shi ko dusar tana da giya. Ya ce babu. Hatsi suke jiƙawa a ruwan zafi su tace, dusar ta rage, ruwan kuma ba ya zama giya sai an zuba masa yis ya kwana biyu. Ya ɗebo mini ruwan da ɗuminsa. "Ɗanɗana ka ji, kunu ne kawai."

Niyyata in taɓa da harshe, don in tabbatar saboda rago. Na shanye kofin tas. (Ya yi daɗi. Wannan ne ya fi ci mini rai.)

Da zan tafi da buhuna, Bulus ya ja mini kunne: dusar jiƙaƙƙiya ce, in shanya ta a rana yau ɗin nan. To ina zan shanya dusar kamfanin giya a tsakar gidan haya, kowa ya zo yana tambaya? Na ɗaure bakin buhun tam, na tura shi cikin ɗakina, ƙarƙashin rufin kwano inda zafi ke dafa mutum. Ina ɗiba a ɓoye ina ba rago. Da ta fara tsami, sai na ga ya ƙara sonta.

Wata rana mun idar da la'asar muna fitowa, sai ga ragona a ƙofar masallaci, ya tsinke igiya. Yana tafiya yana tangaɗi. Ya jingina da bango, ya yi gyatsa, sannan ya zauna daram a kan takalmin Liman.

Alhaji Sani mai shinkafa ya sunkuya ya shinshina. "Wannan ai warin burkutu ne."

"Alhaji, a ina ka san warin?" in ji wani daga baya. Dariyar ba ta yi nisa ba, don duk ido ya dawo kaina.

Liman ya ce a hankali, "Malam, me ka ba dabbar nan?"

Da na yi shiru da na tsira. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Allah gafarta Malam, wallahi ba giya ba ce. Ni ma na sha a kamfanin."

 

Yanzu yara Oga Mashayi suke kiran ragon, kuma ban tabbata shi kaɗai suke nufi ba. Matata ta ce ba a kaskonta za a soya naman nan ba. Liman ya ce zai duba littattafai, har yau bai neme ni ba. Mutum ɗaya ne ya ce in na yanka in aiko masa, shi ne Bulus.

Abin da na koya shi ne, dusar nan lafiyarta ƙalau ta baro Idu. Ni na mai da ita giya, a ɗakina, saboda tsoron kada a ce na je gidan giya.

Don Allah, masu karatu, wanda ya sani ya taimake ni. Ragon da ya taɓa buguwa yana yin layya? In yana yi, sai ya yi kwana nawa kafin jikinsa ya tsarkaka? Kuma abin da na sha, tunda ba a zuba masa yis ba, in ya kwana a cikin mutum da zafin garin nan, me yake zama?