Na Haska Sama, Na Faɗa Rami

Direbobin tasi na layinmu sun ce Mai Alli bai taɓa sakin motar da za ta kashe wa ɗan Adam ido ba. Mai shayin bakin gareji ya ce mutumin ya fi yarda da bangonsa a kan rantsuwar mutum. Matarsa kuwa, a ruwayar uwar 'ya'yana, cewa take ko labule ta rataya a karkace ba ya iya cin abinci sai ya tashi ya daidaita shi. Shi ne mai gyaran wutar mota na unguwarmu. Laƙabin ya samo shi ne daga wani layin alli da ya ja a bangon garejinsa, daidai ƙugun mutum. Duk fitilar da ya haɗa, sai ya ja ƙofa ya rufe da rana tsaka, ya haska bangon. In haske ya tsallake layin ko da faɗin yatsa ne, motar ba ta fita, ko ta wane ne.

To wannan bawan Allah na ɓata wa suna, kuma sai da safen nan na iya buɗe baki.

Laifin, in za a bi shi har gida, daga sama ya faro. Shekara uku ke nan da Masu Girma, Allah ya ƙara musu girma har ƙofa ta gagare su, suka kafa mana turakun fitila arba'in a titinmu. An yanka ƙyalle, an yi tafi, an ɗauki hoto. Hikimar da ta fi burge ni ita ce da tsakar rana aka yi bikin, lokacin da ba mai tambayar ko akwai ƙwai a ciki. Yanzu kam akwai, tsuntsaye sun zuba nasu. A ƙarshen titin suka ɗaga wani ƙaton allo mai hoton Ranka-ya-daɗe yana murmushi, yana nuna mana gaba da yatsa. Rana na faɗuwa, shi da murmushinsa da gaban da yake nunawa duk sai su ɓace tare.

Ni tela ne, idona ya sha zare, kuma fitilar tsohuwar motata ta koma kamar kyandir biyu. Maƙwabcina mai kanti ya ce in sa irin farin ƙwan nan da ake kira zenon. Mai Alli ya ce zai sa, amma ba irin na 'yan gaggawa ba, masu cusa ƙwan a tsohon gidan fitila su bi titi suna soya idon jama'a. Sai dai a sa shi cikin furojekta, wato wani ɗan kwano mai gilashi a baki, kumburarre kamar idon sa.

Na zauna a benci ina kallo. Ni mutum ne mai kallo da sauraro, magana ce ba ta cika fita ba. Ya ɗumama gidan fitilar har gam ɗinsa ya yi laushi, ya ɓare shi kamar ɓawon lemo. Ya zura furojekta ta ramin ƙwai, ya ɗaure ta da noti ta baya, ya maƙala 'yar akwatin da ke ƙara wa wutar ƙarfi. A nan idona ya kai kan wani ɗan marfin ƙarfe a cikin kwanon. Ya ce shi ke yanke haske kada ya hau sama ya shiga idon mai tahowa. Na duba da kyau. Marfin a ƙasa yake.

Mai Alli ya mayar da fitilun jikin mota. Ya rufe ƙofa, ya haska bango, haske ya tsaya cak a kan alli kamar an yanka shi da almakashina. Na yi godiya na tafi, amma abin na cina a rai.

Ku yi mini uzuri, ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin karatun manya, kuma ilimin da ya zo wa mutum da furfura yakan zo da zumuɗi. Malaminmu ya koya mana cewa haske a miƙe yake tafiya. Ya ce mako mai zuwa zai nuna mana abin da gilashi ke yi masa. Wannan makon kuwa a layin mai na yi shi, domin Masu Girma sun sanar cewa man ya wadata, kuma kun san abin da ke biyo bayan irin wannan sanarwa. Saboda haka rabin darasin nake yawo da shi. Na ce a raina, rumfa a saman ƙofa take, gira a saman ido take, mai kare rana da hannu ba a haɓa yake ɗora shi ba. Ta yaya marfin ƙasa zai hana haske hawa sama? Lallai bangon ne ya rufa wa Mai Alli asiri. Gwani ne, amma bai zauna a aji ba.

Na ɗauko sifanar keken ɗinkina, na ɗiga wa notin man keken don ya saki, na juya furojektocin nan biyu, marfi ya koma sama inda hankali ya ce ya zauna. Karambanin akuya, gai da kura.

Da rana ta faɗi na ce wa uwar 'ya'yana ta fito ta ga aikin ilimi. Muka shiga mota, na kunna fitila, muka hau titi.

Jama'a, ban taɓa sanin unguwarmu na da sama ba sai ranar. Na ga shanyar mutanen bene, har na gane wando biyu da ni na ɗinka. Na ga kyanwa a kan rufi ta daskare da ƙafa ɗaya a iska. Na ga sheƙar tsuntsaye a kan turaku arba'in, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana ƙidayar jama'a. Wani dattijo a baranda ya ɗaga hannu biyu ya miƙa wuya. Sai ga Ranka-ya-daɗe ya bayyana a allonsa, haƙora fari tas, yatsa na nuna gaba. Dariya ta kama ni, na bi yatsan. Abu ɗaya ne ban gani ba, shi ne titi. Ramin da ke gindin allon, wanda aka yi alkawarin cikewa tun ina da baƙin gashi, ya karɓe mu hannu bibbiyu.

Uwar 'ya'yana ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Sannu da karatu, Malam."

Masu turo mu suka tambayi wanda ya haɗa mini wannan bala'i. Na ce Mai Alli. Ban yi ƙarya ba, kuma ban faɗi gaskiya ba, wato na yi magana irin ta manya.

Kashegari wani Yallaɓai daga ofishin da ke kula da turakun ya zo har shagona, da takarda a hammata. Na zaci kama ni zai yi. Ashe yabo ya kawo. Ya ce tun da aka ɗaga allon ba a taɓa ganinsa da duhu ba sai jiya, kuma ana duba yiwuwar kafa kwamiti da zai tsara mini wucewa sau biyu kowane maraice. Na tambaye shi batun ramin. Ya ce wannan na wani ofishin ne, su nasu daga ƙugu ne zuwa sama.

A can gareji kuwa ba dariya. Direbobin tasi sun riga sun jera motoci goma sha biyu za a sa musu irin fitilata, duk suka janye. Aka ce hannun Mai Alli ya tsufa, aka ce idonsa ne. Shi kuwa ya ce motata ta fita a kan layi, ba wanda ya saurare shi. Kwana tara ina wucewa da ƙafa ina ganin ƙofarsa a buɗe, ba mota ko ɗaya, shi kaɗai zaune yana fuskantar bango. Ni kuma na yi abin da na fi iyawa, shiru. Jiya uwar 'ya'yana, wadda ashe ta gan ni da sifana ta taga, ta ce tunda na iya sauraron kowa, in gwada sauraron kaina.

Da safen nan na kai motar. Direbobi na wajen mai shayi, suka taso kallo. Mai Alli ya gaishe ni. Ya ɗauko wani tsohon gilashin furojekta ya miƙo mini, ya ce in riƙe nesa da ido in dubi titi. Na duba. Mai shayi na rataye da kai a ƙasa, turaku sun yi tsiri daga sama. Ashe gilashin juya komai yake, abin da ka tare a ƙasa shi ke yankewa a sama. Ga rabin darasina a tafin hannun wanda bai zauna a aji ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya buɗe bonet, ya shafa notin, ya kai yatsa hanci. Ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya matso kusa da kunnena.

"Wannan man keken ɗinki ne, Malam Tela. Bari, zan ce musu ramin ne ya kwance notin."

Wallahi na ji daɗin shawarar. Da ta zama karon farko da Masu Girma suka ɗauki laifin da ba su yi ba, kuma a cikin tulin nasu ba za su ma ji nauyinsa ba. Sai dai kowa ya san hasken ya hau sama kafin mu faɗa, kuma notin da rami ya kwance, ai wanda ya ɗaure shi za a ci gaba da kallo. Shekara uku ina jiran wani ya tsaya a gindin turakun nan ya faɗi kalma uku, "ni na yi", har nakan ce a raina ba su da nauyi. Yau na ɗaga su na ji. Na juya wajen direbobi, na yi gyaran murya har sau biyu, na zaro sifanar daga aljihu na ɗaga ta sama yadda na baya ma zai gani.

"Ni na juya su, da hannuna. Aikinsa a kan layi ya fita. Mai Alli, na cuce ka, ka yafe mini."