Ranar da Na Kori Baƙi Daga Ireland

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba, ranar da na zauna gaban mutumin da nake fatan ya zama surukina, na buɗe bakin nan nawa na kori 'yarsa daga ƙasar da take zaune.

Ni ɗan Kano ne, ina saro riguna a kasuwar Shahe ina turawa gida. A nan na san Alhaji Sabi'u, dattijon da ya riga mu duka sanin garin nan, wanda ko kwantena ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Huangpu shi ake kira. Abokina Mudi ne ya raɗa min cewa Alhaji yana da 'ya, Nafisa, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Ireland, kuma ya ji ana cewa Alhaji ya yaba da hankalina. (Lokacin bai taɓa jin na yi magana ta wuce minti biyu ba, shi ya sa.) An nuna min hotonta sau ɗaya, ni kuwa na tafi gaba ɗaya. An ce in abu ya yiwu, ni zan bi ta can.

Sai na ce dole in san ƙasar. Na shiga waya na rubuta "siyasar Ireland", na faɗa kan shirin wasu dattawa biyu masu ra'ayin mazan jiya. Wallahi sun iya magana. Na ji ɗaya, wayar ta kawo min goma irinsa. Ina lissafin dozin ina jin su, ina cikin jirgin ƙasa ina jin su, har wata mai shago ta ce min "meyo", wato babu kayan, na gyaɗa kai na ce mata haka ne, gwamnati ce ba ta sauraron manoma. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa ɓangare guda nake ji ba. Ni a wajena labaran ƙasar ke nan, kamar yadda ake kunna rediyo a ji.

Sati uku ina wannan hadda, sai Alhaji ya ce in mun sauko daga masallaci mu biya mu ci taliya, ni da Mudi. Duk ɗan Bahaushe ya san in uban yarinya ya ce "zo mu ci abinci", ba cikinka yake tausayi ba, auna ka zai yi. Na sani sarai. Na saka shaddata mai ruwan ƙasa, na fesa turare har Mudi ya yi atishawa.

Muka zauna a shagon wasu Sinawa Musulmi. Alhaji ya ɗaga wa mai shagon yatsu uku ya ce, "Loban!" wato maigida, a kawo kwano uku. Sannan ya jingina wayarsa a jikin butar shayi, tana fuskantarsa. Na gani, amma na ɗauka saƙon kaya yake jira.

"To, ɗana," in ji shi, "an ce kana bibiyar labarin ƙasar su Nafisa. Me suke ciki?"

Jama'a, kamar an kunce famfo.

Na fara da shanu. Na ce, "Baba, mutanen nan manoma ne, amma an dame su da maganar sauyin yanayi, wai gyatsar saniya tana ɗumama duniya, a rage garke." Alhaji, wanda kakansa makiyayi ne, ya ajiye cokali ya ce, "Ikon Allah. Saniyar ce kuma ta yi laifi?" Na ji daɗi har cikin raina. Na wuce kan harajin mai, yadda mutumin ƙauye da ba shi da jirgin ƙasa yake shan wahalarsa. Na gangaro kan al'ada, na ce majami'unsu sun zama fayau, yara ba sa jin yaren kakanninsu. Alhaji yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Wannan ai ciwon kowa ne." Kaina ya fasu. A zuciyata har na fara zaɓen launin ankon biki.

Da na tsaya a nan, da na tashi da mutuncina. Amma mai hadda ba ya barin shafin ƙarshe.

"Babbar matsalarsu kuwa, Baba," na ce, har da buga tebur, "baƙi ne. Sun cika musu ƙasa. Ɗan ƙasa ya nemi gidan haya babu, ka shiga asibiti duk baƙi, ka fita titi duk baƙi. Ni da ni ne shugabansu, rufe ƙofa zan yi, kowa ya koma gidan ubansa."

Mudi ya taka min ƙafa. Na ɗauka kuskure ne, na janye ƙafar na ƙara da cewa, "Kowa da kowa."

Sai butar shayi ta yi magana.

"Baba, juyo min da wayar in gan shi."

Alhaji ya juyo wayar a hankali. Ga Nafisa cikin kayan aiki, da kofin shayinta na safe (don su can lokacin gari ya waye), tun farko tana kan layi. Taliyar da ke bakina ta ƙi gaba ta ƙi baya.

"Ina wuni, Malam," ta ce, tana danne dariya. "Ni ce ɗaya daga cikin waɗanda suka cika asibitin. Maganar gidan haya gaskiyarka, ni ma na sha wuyarta. Maƙwabciyata ma irin ra'ayinka gare ta, kullum sai mun yi musu, sannan ta aiko min da burodi. Tambayata ɗaya ce. In ka rufe ƙofar, kai ta ina za ka shigo?"

Alhaji kuwa ya miƙo hannu ya ɗan taɓa aljihun gaban rigata, inda fasfo ɗina yake, don a garin nan baƙo ba ya fita sai da shi.

"Shugaban ƙasa," ya ce, "ka dai sabunta bizar?"

Mudi ya kifa kai a tebur yana sheƙa dariya, Nafisa ma ta fashe da ita. Har mai shagon, da bai ji kalma ɗaya ba, ya taya su. Ni dai ji na yi kamar in shige cikin kwanon nan, gumi ya wanke turaren tas.

Na koma masauki na haƙura da aure. Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba: shirye-shirye biyar na ɗaya ɓangaren, da rubutu a ƙasa, "Ka ji waɗannan ma, sai mu yi musun da kyau." Ashe Nafisa ce. Mun yi musun, har yau ba mu gama ba, don kan maganar shanu ban sauka ba. A tsakiyar musun aka ɗaura mana aure.

Yanzu takarduna suna can suna bin layi, kullum da safe sai na duba ko an buɗe min ƙofar da na ce a rufe. Abin da na koya shi ne, kafin in sake yanke wa baƙin wata ƙasa hukunci, zan fara shafa aljihun rigata. Kuma duk wayar da na gani a jingine da buta, sai na gaishe ta tukuna.