Rasuwar 'Yar Sannu, Motar da Aka Cire wa Beli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, Ibrah ɗan Na'Allah na bakin kasuwar Filinge yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Kurfai rasuwar motarsa, 'Yar Sannu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan hanyar Bonkuku, cikin damanar bana ta 1957. Ba a san shekarunta ba. Ta yi aikin soja kafin ta zo hannunsa, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ƙin kaya ba, gero ne ko awaki ko tsofaffi masu zuwa gaisuwa. Ba ta taɓa kaɗe kowa ba, domin babu mai rai da zai kasa kauce mata. An taɓa ganin jaki ya wuce ta a yashin Baleyara, bai ko waiwaya ba. Da safe, idan aka juya mata hannun tayar da inji, sai ta ce "uhu, uhu, uhu," kamar tsohuwar da aka tasa daga barci, sannan ta ce "gurrr," unguwa duka ta san Ibrah zai fita.

Game da ciwon ajalinta, gaskiya ɗaya ce: ba ta da ciwo. Mai ita ne ke da shi. Ɗiyarsa Habsa ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari, wata ya kama. Shekara biyu da suka wuce yayarta Muna ta rasu a kan gwiwa, ana ta neman abin da zai kai ta asibitin Yamai. Tun ranar Ibrah ya yi alkawari ba za a sake ba. Amma 'Yar Sannu yini guda take yi kafin ta ga Yamai, in yashi ya yi mata kirki. Kullum ya dubi Habsa tana tafiya hannu a ƙugu, sai ya dubi motar, abinci ya ƙi shiga.

Can ya tuna maganar Musa makanike na Yamai. Musa ya ce inji kamar mutum yake, da maƙogwaro yake shan iska, kuma idan aka sauke kan injin aka gyara ƙofofin da iska ke bi, sai ya ƙara ƙarfi. Ya ƙara da cewa, "Gogewa ake yi, Ibrah, ba sassaƙa ba." Ibrah ya yi shekara uku a lakwal, makarantar boko, shi ya sa ya riƙe rabin farko na maganar da kyau.

Ya sauke kan injin, ya ɗora shi a kan turmi a tsakar gida. A shaida masa, wajen zaɓen kayan aiki bai yi gaggawa ba. Ya aro magagari zagayayye wurin maƙeri. Ya fasa dutsen wasa wuƙa ya fiƙe shi kamar yatsa. Ya naɗa tsumma a kan sanda, yana tsoma shi cikin mai da yashi mai laushi da ya tankaɗe da rariyar matarsa Kubura, ba da saninta ba. Kwana uku yana gogewa, har ƙofofin suka yi santsi kamar cikin sabuwar ƙwarya. Da ya tsaya nan, da yau ba a rubuta wannan takarda ba.

Amma a cikin kowane maƙogwaro, daga sama, akwai wani ƙullutun ƙarfe da ya tsaya a hanyar iska. Ibrah ya zura yatsa ya taɓa shi, ya ji hankalinsa bai kwanta ba. Ana haka sai ga Sahabi wanzami ya shigo yi masa aski. Ya leƙa da idon sana'a, ya girgiza kai.

"Ibrah, shekara nawa kana hawan abin ga ba ka duba bakinta ba? Beli ne! Har guda shida. Yaro mai guda ɗaya ma ba ya ƙiba."

"Ka tabbata?"

"Ni da na cire na rabin Filinge? Har naka."

Kubura, wadda ke tsince wake, ta ce, "Malam, wanda ya ƙera ta bai ga belin ba ne?"

Ibrah ya ce mata aikin maza ne. Ya ɗauko kurfin sare ƙarfe da guduma.

Uku sun fita lafiya. A na huɗu kurfin ya nutse, wata 'yar huda kamar idon allura ta buɗe, tsatsa ta zubo. Ashe a bayan ƙarfen nan ruwan da ke sanyaya inji yake bi. Ibrah ya duba hagu ya duba dama, ya toshe hudar da ƙaro da sabulu, ya gama sauran biyun a hankali, ya mayar da kan injin. Bai gaya wa kowa ba sai yau.

Ranar Talata ya fita gwaji. Juyi ɗaya ta tashi, babu "uhu" ko guda. Ta bi hanyar Bonkuku da gudun da ba ta taɓa yi ba, har ta wuce raƙumi. Ibrah ya yi kabbara. Sannan farin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ta ce "ƙwal, ƙwal," ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta tsaya. Da ya zaro sandar duba mai, man ya koma fari kamar kindirmo. Shanun noma biyu suka jawo gawar zuwa gida, kuma sun fi marigayiyar sauri.

A ƙofar gida ya tarar da mata suna ta shiga da fita da ruwan zafi. Ashe naƙuda ta zo. Ya zauna a ƙasa jikin tayar motar da ya kashe da hannunsa, yana jin muryar Habsa daga ɗaki, ba shi da abin kai ta ko bakin kasuwa. Bai san iyakar zaman da ya yi ba. Sai kuka ya tashi, siriri, mai kaifi. Kubura ta leƙo ta ce, "Mace ce, uwa da ɗiya lafiya. Tashi daga ƙasa, likitan mota."

Marigayiyar ta bar taya huɗu, babu biyu da suka haɗa uwa. Ta bar ƙaho mai kukan agwagwa, da hannun juyawa wanda ya taɓa karya wa mai ita haƙori, da kaza mai kwanci a ƙarƙashin kujera, wadda har yanzu ba a sanar da ita ba.

Za a yi jana'iza ranar Talata mai zuwa da safe, a bayan gida ƙarƙashin aduwa, inda za a ɗora ta a kan duwatsu ta huta. Ranar ce kuma ranar sunan jaririya, don haka masu ta'aziyya da masu barka su zo tare, goro ɗaya ne. An gayyaci Musa makanike, da sharaɗin kada ya ce komai.

An gayyaci Sahabi wanzami shi ma. Zai aske kan jaririya bisa al'ada, a ba shi haƙƙinsa cif. Amma ya bar ƙugiyar beli a gida. Kakan yarinyar zai zauna kusa da shi, gwiwa da gwiwa, kuma duk abin da Allah ya sa a maƙogwaron wannan yarinya, nan zai zauna.