Gidan da Oga Safiyo Ya Auna

In ana lissafa manyan mutanen da unguwarmu Akwatia Line da ke Kumasi ta haifa, a fara da Malam Suraj, sannan a ɗan huta kafin a ambaci na biyu. Oga Safiyo muke ce masa, kuma shi da kansa ya koya mana sunan. Yana aiki da wani kamfanin masu awon filaye a Asokore Mampong, inda aka damƙa masa muƙamin da babu awon da zai yiwu sai da shi. Shi ke riƙe doguwar sandar nan mai ja da fari, ya tsaya cikin rana, mai leƙa na'ura ya yi masa hannu ya matsa dama ko hagu. Shekara tara yana wannan hidima, ba a taɓa jin sandar ta faɗi ba. Rigar aikinsa mai ƙyalli ba ta barin jikinsa, ko ɗaurin aure za shi sai ya ɗora ta a kan kaftani, wai ko za a buƙaci gwani ba zato. Ya taɓa auna masallacinmu bayan la'asar, ya shaida wa liman cewa sahun gaba ya karkace da inci biyu. Liman ya yi masa godiya, aka ci gaba da salla yadda aka saba.

Matarsa Basiratu nas ce a wani asibiti a Bantama. A idon mijinta aikinta ƙarami ne, tunda ba a yin sa da tef ɗin awo. Ƙarfe bakwai da rabi na safe take karɓar ɗakin marasa lafiya daga hannun waɗanda suka kwana a kansu, kuma shugabarsu ba ta sauraron labarin hanya. Dokarta a fili take: takardar gargaɗi uku, mutum ya tattara nasa ya yi gaba. Shekara uku Basiratu ta yi a gida bayan ta gama makaranta tana jiran wannan aiki, kuma har lokacin tana cikin watannin gwaji.

Sai mai gidan da suke haya ya ce yana son ɗakinsa ƙarshen wata, ɗansa zai yi aure. Kwana huɗu kawai Basiratu ta yi ta samo mafita. Abokiyar aikinta Hadija ta nuna mata ɗaki da falo a Bantama, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa asibiti. Basiratu ta yi wa mijinta bayani a tsanake. Da safe duk Kumasi cikin gari take kwarara, shi kuwa fita gari zai yi, kuma trotro, wato motar haya, mai fita a wannan lokaci kujerunta a banza suke, har kwandasta roƙon mutum yake ya shiga. Ita za ta taka, shi zai hau mota ya miƙe ƙafa.

Oga Safiyo ya saurare ta da irin haƙurin da manya ke yi wa marasa ilimi.

"Basira, wannan maganar tasha ce, ba maganar boko ba," in ji shi. "Gida auna shi ake yi. Hanya za mu raba fifti-fifti, ke rabi ni rabi. Ba za a ce safiyo guda ya ɗauki akwati ya bi mace Bantama kaman bai san aikinsa ba."

Washegari da yamma ya zo wurin da muke shan ataya da taswirar Kumasi naɗe a hammata. Ya sa aka kwashe kofuna, ya shimfiɗa ta a kan benci. Ya soka allura a Bantama, ya soka wata a Asokore Mampong, ya ja zare tsakaninsu, ya ninka shi biyu, ya yi rantsuwa a gabanmu cewa duk inda tsakiya ta faɗi nan zai zauna. Muka leƙa. Tsakiya ta faɗi a Akwatia Line, kusan a kan bencin da muke zaune.

Baba Brimah, tsohon direban trotro da ya yi shekara talatin a titunan garin nan, ya ce to alhamdulillahi, ai akwai ɗaki a bayan masallaci, gobe ma a je a gani. Oga Safiyo ya yi gyaran murya. Mutumin da ke sa riga mai ƙyalli ba zai ƙara shekara biyu yana layin bayi da buta a hannu ba, amma ba haka ya ce ba. Cewa ya yi tsakiya a ilimin awo ba wuri guda ba ce, layi ce, duk inda ka tsaya a kanta nisan ɗaya ne. Ya ɗora yatsa ya yi ta turawa arewa, ya wuce Tafo, ya wuce Pankrono, sai da ya kai wata sabuwar unguwa da ko suna ba a gama raɗa mata ba. Ashe tun makon jiya wani dillali ya nuna masa gida a can, mai tayil, mai get, mai bayi a ciki.

"Oga Safiyo, zaren nan naka ya taɓa bin Tafo ran Litinin da safe?" Baba Brimah ya tambaye shi.

"Baba, kai mota ka tuƙa, ni ƙasa nake aunawa. Kilomita tara nan, kilomita tara can. Taswira ba ta ƙarya koraa, ko kaɗan."

A Kumasi ba a kama ɗaki na wata guda, shekara biyu ake biya a dunƙule, kuma sai da ya biya sannan ya kai Basiratu ta gani. Ranar Lahadi ya zaɓa, da hantsi, lokacin da rabin gari ke coci, sauran rabin na gida suna wanki. Titi fayau. Ya riƙa duba agogo yana murmushi. Basiratu ta ce masa ai yau Lahadi ce. Ya ce a duk karatun da ya yi bai ga inda aka ce kilomitar Lahadi ta fi ta Litinin gajarta ba.

Aka loda kaya a babur mai ƙafa uku, suka tare. Litinin ta zo. Daga get ɗin mai kyau zuwa bakin titi sai an jira firagiya, ɗan keken nan mai ɗaukar mutum uku, kuma ba ya tashi sai ya cika. A bakin titi duk trotro da ta zo a cike take tun daga ƙauyuka. Wadda ta samu ta shiga ta kai Tafo ta tsaya cak, har mai koko ta sayar wa fasinja ta taga, ya shanye, ya miƙa mata kofinta, motar ba ta motsa ba. Daga babbar tashar Kejetia kuma sai wata motar. Takwas da rabi Basiratu ta shiga asibiti, takardar farko na jiran ta.

Shi ma gwanin bai tsira ba. Motar kamfani ta tafi fili ta bar shi, kuma da ya bi su a baya ya tarar an ba wani magini sandar, yana riƙe da ita da hannu ɗaya yana cin gasasshiyar ayaba da ɗaya. Wani zai ji kunya. Oga Safiyo dawowa ya yi gida da fara'a, ya ce da matarsa, "Kin gani? Ke kin makara da awa ɗaya, ni na makara da awa ɗaya. Awo bai cuci kowa ba."

Basiratu ta koma fita da ta idar da sallar asuba, ko karyawa ba ta yi. Mako biyu tana isa da kyar, tana sa hannu tana haki. Sai aka wayi gari da ruwa. Ɗan rafin da ke tsakanin unguwar da titi, wanda a taswira siririn layi ne shuɗi, ya cika ya haye hanya, masu firagiya suka ce ba da su ba. Ta cire takalmi ta ratsa, ta isa da fararen kayanta jawur da laka, ta karɓi takarda ta biyu. A nan kam ni dariyar ta tsaya mini, don na san uwarta, na san wake da shinkafar da ta yi shekaru tana sayarwa har yarinyar ta gama makaranta. Ranar Basiratu ta yi kuka sosai, tsoro ya kama ta.

Mijinta bai bar ta cikin damuwa ba, Allah ya saka masa. Ya zauna ya rubuta wa hukuma wasiƙa shafi huɗu, yana ba da shawarar a fasa sabon titi miƙaƙƙe daga ƙofar gidansa zuwa Bantama, daidai inda zare ya bi. Titin zai ratsa kasuwa biyu, maƙabarta ɗaya da gidajen mutanen da bai tsaya ƙirgawa ba. Ya karanta mata ita a tsaye, rigar ƙyalli a jiki. Da ya kai ƙarshe ta ce, "Yoo, na ji, Malam."

Ba yaji ta yi ba, kar a yi mata ƙarya. Wurin kawunta Alhaji Abdulwahab ta je, ya kira mijin, aka zauna da dattawa biyu. Oga Safiyo ya zo da taswira, ya yi jawabin minti arba'in a kan adalci tsakanin ma'aurata. Alhaji ya bari ya gama, sannan ya ce, "Suraj, saura takarda ɗaya. In aka kore ta, zarenka zai mayar da ita aiki?" Aka yanke cewa duk ranar aiki Basiratu za ta zauna wurin Hadija a Bantama, ranar hutunta ta koma gida. Shi kuma in yana so ya nemi ɗaki a can ya bi ta, babu mai hana shi.

Bai bi ta ba. Ya biya shekara biyu, kuma ya yi rantsuwa a gaban masu shayi. Da ya zo wurinmu sai ya sanar da mu cewa ya faɗaɗa harkokinsa: hedikwata na bayan Pankrono, ya kuma buɗe reshe a Bantama, ya tura uwargida ta kula da shi. Muka taya shi murna. Baba Brimah ya ƙara masa ataya.

Asabar ɗin da ta biyo baya Basiratu na da aikin rana, ƙarfe biyu za ta shiga, sai ya shirya ziyarar reshe don su ci abinci tare. Ya auna tafiyar, ya ba ta minti arba'in. Abin da taswira ba ta nuna masa ba shi ne Asabar ranar jana'iza ce a ƙasar Asante. Duk layin da direba ya karya sai a tarar da rumfuna, kujeru da mutane cikin ja da baƙi sun tare hanya, ana kiɗa. Biyu ta gota ya isa, rigar ƙyalli sharkaf da gumi. Basiratu ta tafi aiki, Hadija ma haka, ɗaki a kulle.

Tsohuwar da ke da gidan, wata Ba'asantiya, ta tambaye shi ko shi wane ne. Ya gyara tsayuwa, ya faɗi sunansa, sunan kamfani, da shekarun da ya yi yana auna ƙasar Kumasi. Ta dube shi sama da ƙasa, ta juya ta ce da 'yarta a cikin gida, "Mijin nas ne. Ɗauko masa kular da aka bari."

A kan benci a bakin ƙofa ya ci tuwonsa, ya huce. Basiratu ta gama watannin gwaji, an tabbatar mata da aiki, takarda ta uku ba ta zo ba. Oga Safiyo kuwa har yau yana can a tsakiya, yadda ya auna: kilomita tara zuwa wurin aikinsa, kilomita tara zuwa wurin matarsa, kuma duk wanda ya nufa a cikinsu sai ya tarar an tafi an bar shi.