Rasuwar Mai Haƙora, Fiyanon Duba-gari na Gwarzo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka wayi gari marayu, ni Malam Lukuman, duba-gari na Gwarzo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fiyanona, wato akwatin kiɗan Turawa da ake dannawa da yatsu, wanda jama'ar unguwa suka fi sani da Mai Haƙora. Ya cika ranar Talata da hantsi a zauren gidana, bayan jinyar da ya sha tun tsakiyar damina.

Marigayin baƙo ne a ƙasar nan. Wani Bature mai sayen gyaɗa ya zo da shi saboda uwargidansa, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Ni kuwa aikin leƙa tukwane da randuna ne ya kai ni gidan, na ji muryarsa, na manta da tukwanen. Da uwargidan ta ga na maida gindin tagarta wurin zama, sai ta kira ni ta koya mini danni uku na hannun hagu, kowanne da yatsu uku. Na raɗa musu suna don kada su ɓace mini: na fari Gwarzo, na biyu Getso, na uku Kabo. A tashi daga Gwarzo, a leƙa Getso, a biya ta Kabo, a dawo gida. Lokacin da za su koma ƙasarsu babu direban da ya yarda ya ɗauki marigayin, sai aka bar mini shi amana.

Ina shaida cewa mai haƙuri ne. Da waɗannan danni uku na kaɗa a kansa waƙar daka, da waƙar 'yan makaranta, da ta masu noman gayya, bai taɓa cewa ya gaji ba. In na danna Gwarzo ya ce "dirim", Getso ya ce "daram", Kabo ya ce "durum", cikin ladabi. Maƙwabciyata Inna Uwaliya ta sha faɗa a bakin rijiya cewa waƙa ɗaya ce nake ta maimaitawa shekara da shekaru. Na yafe mata, marigayin ma na san ya yafe.

Mai karɓar baƙi ne kuma. Kazar maiɗakina Dela ta yi ƙyanƙyasa a cikinsa, bai ko motsa ba. Wasu ɓeraye sun yi zuriya a ƙarƙashin wayoyinsa. A matsayina na duba-gari na bincika lamarin da kaina, na tabbatar baƙinsa ne, ba nawa ba.

Ciwon ajali ya same shi ne a hanyar Garo. Alhaji Jalo na can ya gayyace mu sunan jikansa. Na so in ba da uzuri saboda ruwa, sai labari ya iso mini cewa Zailani mai kukuma, wanda shi ma aka gayyata, ya tsaya a kasuwar Kabo yana cewa, "Akwatin Malam ko akuya ba zai sa ta taka rawa ba." Dela ta ce, "Malam, ka bar shi ya faɗi abinsa, rafi ya kawo." Na ce mutuncin marigayin ya fi rafi zurfi.

Muka ɗora shi a amalanken shanu, muka lulluɓe shi da bargo. A tsakiyar rafin ƙafar amalanke ta faɗa rami, shanu suka yi gabas, marigayin ya yi yamma. Da ya taɓa ruwa ya yi wata irin kuwwa da dukan haƙoransa a lokaci guda, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Manoman da ke kusa suka yar da fartanyu suka tsamo shi, Allah Ya saka musu da alheri.

Duk da haka bai ƙi cika alkawari ba. Aka ajiye shi a ƙofar gidan Alhaji Jalo, jama'a suka kewaye mu. Na naɗe hannun riga na danna Gwarzo, ya ce "fus". Na danna Getso, ruwa ya zubo mini a takalmi. Na danna Kabo, sai wani kwaɗo ya amsa daga ciki. Mata suka yi guɗa, wai sun zaci sabon salo ne. Daga nan suka koma wajen mai kukuma, suka yi rawa har la'asar.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Haladu kafinta ya shafa masa man gyaɗa, Dela ta shanya shi a rana tare da kuɓewa, ni na yi masa turare. Haƙoransa suka kumbura suka manne da juna. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "tik".

Ya rasu ya bar kujerarsa mai juyawa, da kazar Dela da 'ya'yanta, da ɓerayen da aka ambata, da kwaɗon Garo wanda har yanzu ya ƙi fita, da kuma ni.

Game da jana'iza, na tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa katako salla, kuma in daina aiko masa da mutane a kan maganar. Saboda haka Haladu kafinta zai kwance marigayin ranar Alhamis bayan la'asar a ƙofar gidana. Murfin zai zama ƙyauren akurki, sauran katakon Dela ta riga ta yi magana a kai. Masu ta'aziyya su zo da tabarminsu, kada a zauna a kan gawa.

Zailani ya aiko cewa zai zo da kukumarsa ya yi wa marigayin kiɗan ban-kwana kyauta. Ina roƙon duk wanda ya gamu da shi a hanya ya shaida masa cewa a Sabon Birni za a yi.